Shekarar da Wendell Ya Karya Kafaɗa

Shekara uku na yi a kan benci a Kwalejin Laurel Gap, ina jiran Hoyt Ramey ya gama karatu ya bar mini gurbin mai jifa. A wasanmu, wato ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ake jifa da hannu, mai jifa shi ne kan tawaga. Shi ake miƙa wa ƙwallo, shi yake kiran dabara, kuma sunansa kaɗai mutanen gari suke riƙewa. Hoyt ya tafi a 1957, na ce a raina layi ya zo kaina.

A shekarar ne ƙanina Wendell ya shigo kwalejin. Ni na ɗauko masa akwati daga tasha, ni na kai shi wurin Koci Hensley na roƙa a gwada shi ko a baya ne. Rana ta uku da fara atisaye wata ƙwallo ta gangaro gabansa. Yana cikin hira da wani ya ɗauka ya wurga, ta ratsa rabin fili ta sauka a ƙirjin wanda ya nufa. Koci ya tofar da tabar da yake taunawa ya dube ni.

"Tackett, wannan ƙaninka ne?"

"Shi ne, Koci."

"To a ina kuka ɓoye shi?"

Na koma benci, wannan karon a bayan yaron da ni na koya masa riƙon ƙwallo.

Wasan farko aka ci mu, su ashirin da bakwai, mu shida. Na biyu ko maki ɗaya ba mu samu ba. Masu tare wa Wendell gaba duk sababbi ne marasa nauyi, kafin ya ɗaga hannu ƙarti uku sun danne shi. Sai ya tashi, ya gyara hular kwano, ya tafa musu hannu a sake. Wannan tashin ne ya sace zuciyar garin. Ana cin mu ana tafa masa. A gidan abincin Misis Combs ana ƙara masa yankan kek ba tare da ya tambaya ba, ni kuma a ce, "Kai ne wan Wendell, ko?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Shekara uku bai taka filin nan ba, kullum cewa yake ganyen tabar gonarsa ba ya jiran mutum. Yanzu kowace Asabar sai ya yi tuƙin awa huɗu a tsohuwar akori-kurarsa, da soyayyar kaza da burodin masara da Mama ta naɗe a tawul. Ni yake miƙo wa ta saman shinge.

"Orval, riƙe wa ƙaninka, kar ta huce."

Wasa bakwai muka sha kashi a jere. Ba zan ɓoye ba, duk lokacin da jifan Wendell ya faɗa hannun abokan gaba sai in sunkuyar da kai kamar mai baƙin ciki, alhali wani sanyi nake ji a ƙirji.

Wasa na takwas da 'yan Pine Fork ne, a filinmu, ana yayyafi. Kafin hutun rabin lokaci wani gabjeje ya ɗaga Wendell ya maka shi da ƙasa ta gefen kafaɗa. Wannan karon bai tashi ba. Ana ɗora shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya Koci ya juyo.

"Tackett babba, ɗauki hularka."

Na wuce ta gefen ƙanina a guje, ban ko tsaya na duba fuskarsa ba.

Suna da goma sha biyu, ba mu da komai. Na san ba ni da hannun Wendell, don haka na riƙa gajerun jifa, taku biyar, taku bakwai, muna tura su baya kaɗan-kaɗan cikin taɓo. Muka ci bakwai. Saura minti biyu a tashi na ga kafa ta buɗe a hagu, na rungume ƙwallo na kutsa da kaina har na faɗa bayan layin ƙarshe. Maki shida ke nan, muka yi nasara da goma sha uku da goma sha biyu. Ina tashi na dubi inda Baba yake zama. Babu kowa a wurin, ashe tun ɗazu ya tafi da Wendell asibiti.

Ranar Litinin jaridar garin ta buga hoton Wendell kwance ana fita da shi, ya cinye rabin shafi. Sunana yana layin ƙarshe, an rubuta Orville.

Sai ranar Talata na iya zuwa duba shi. Ɗakin cike da furanni da katuna, har da kek guda daga Misis Combs. Yana ganina ya yunƙura zai zauna.

"Yaya, na ji rabin ƙarshe a rediyon mota. Baba yana tuƙi ina ce masa ya ƙara murya. Da ka shige ta hagu ɗin nan, dabarar Koci ce ko taka?"

"Tawa ce."

"Na sani. Ni da ban ga kafar ba." Ya rage murya. "Likita ya ce da wuya in sake jifa. Ka san me na ji? Daɗi. Duk Asabar da safe sai na yi amai kafin in sa kaya. Ban taɓa son abin nan ba, Yaya. Kai ka kai ni, na kasa ce maka a'a."

Na tsaya ina kallonsa. Abin da na yi shekara goma ina nema, shi an ɗora masa a hannu, kuma ga shi zai ajiye ko waiwaye ba zai yi ba. Har wannan ma sai da na ji kishinsa. Na gyara masa matashi na ce ya huta.

Wasan ƙarshe Baba ya zo, Wendell na gefensa da hannu a rataye. Aka ci mu talatin da huɗu da nema, sau uku ina jefa ƙwallo a hannun abokan gaba. Da muka fito Baba yana jingine da mota.

"An bubbuge ka," ya ce.

"An bubbuge ni."

"Za ka iya tuƙi? Idona ba ya son hasken yamma."

Na karɓi makulli. Wendell ya zauna a tsakiyarmu, muna fita gari ya yi barci, kansa a kafaɗata. Ya yi mini nauyi wajen canza giya, amma na bar shi har muka isa gona.

Bai sake taɓa ƙwallo ba, likitan dabbobi ya zama. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina horar da 'yan sakandare a wata ƙaramar hukuma da ba su san shi ba.