Gwamna Bai Haye Gada Ba

Garaje mugun hali ne, idan kuma ya haɗu da riƙo, mai shi ko gabansa ba ya dubawa. Wendell Purdy, mataimakin gwamna, ya haɗa duka biyun.

Darlene Kubiak tana tsaye a ofishin gwamna, hula a hannu. Ita ce shugabar masu gadin daji ta jihar, saura kaɗan ta yi ritaya. Bara ta kama Purdy ya harbe barewa bayan an rufe farauta, ta ƙwace bindigarsa, gari ya yi ta yi masa dariya.

Dokar jihar kuwa ta ce da zarar gwamna ya taka ƙasar wata jiha, mataimakinsa ne gwamna har ya dawo. Da safen nan Gwamna Tarver ya kama hanyar bikin 'yarsa a ƙetaren kogi, cikin jihar da ke maƙwabtaka da su. Purdy bai bari kujerar ta huce ba. Ya haye, ya kira 'yan talabijin, ya aika a zo da Darlene.

"Malama mai gadin barewa," ya ce, yana juyi a kujera. "Yau wa za ki kama?"

"Yallaɓai, aikina na yi."

"Ni ma nawa zan yi. Ajiye bajonki a nan. Na kore ki."

Ta tuna mijinta da ke kwance, wanda aikin nan ne ke biyan asibitinsa. Ta kai hannu ga bajon da ke rigarta. Ana haka wayar tebur ta yi ƙara. Opal, tsohuwar sakatariya, ta leƙo.

"Maigirma gwamna ne. Ya ce a sa kowa ya ji."

Purdy ya danna maɓallin lasifika, yana yi wa kyamara murmushi. "Ranka ya daɗe, ya biki?"

"Wane biki, Wendell? Ina shagon abincin nan na bakin gada. Matata ta rantse ba za ta wuce ba sai ta ci kek ɗinsu na tuffa. Muna zaune sai ga ka a talabijin, a kujerata."

"Amma ai kun haye..."

"Ga gadar can ina kallonta ta taga. Ban taka ta ba. Wa ya naɗa ka?"

Wani ɗan jarida ya ƙyalƙyale da dariya.

"Darlene, kina nan?" in ji gwamna.

"Ina nan, ranka ya daɗe."

"Koma bakin aikinki, ki gaida mai jiki. Kai kuma Wendell, tashi. Na fasa hayewa yau. Angon ya zo a ɗaura auren a wannan ɓangaren."

Darlene ta fita ta shiga motarta. Ta kifa goshi a sitiyari, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kira gida. "Ka sha maganinka? To, ina nan tafe. Babu komai."

Purdy kuwa, ga abin da safiyar ta ci masa: jam'iyya ta sauke sunansa daga takarar baɗi, gwamna bai ƙara kwana a wajen jihar ba har wa'adinsu ya cika, bindigarsa kuma tana nan a ma'ajiyar Darlene, da sunansa rataye a jikinta.