Tsohon da Ke Ƙarshen Layi

A fuskar kwamfutar, mutane biyar na zane suna tsaye a layi bakin kogi, kwalekwale yana lilo a gabansu. Malam Bunyaminu ya tsayar da katun ɗin.

Mako shida ya yi yana haɗa shi, don 'yan ajinsa na wannan ƙauye na gaɓar Kwara, kusa da Illo, su ga yadda kwamfuta ke bin ayyuka: wanda ya fara zuwa, shi ake fara sallama. Don ƙawa, har farin gemu da sanda ya zana wa na ƙarshen layin. Kwalliyar da ta ja masa ke nan.

A bayan aji Alhaji Ma'azu ne zaune, wakilin ƙungiyar da ta ba makarantar aron kwamfutar. In yara ba su gane ba, yau zai tafi da ita wata makarantar, Bunyaminu ya koma zana kwamfuta da alli. Tsoro ya cika shi.

Ya zaɓi gwanar ajin. "Fatiha, wa za shi hwara shiga jirgi?"

"Tsoho, Malam."

"Duba dai. Wa yah hwara zowa?"

"Mai tallan hura. Amma ai ba ta shiga ta bar baba tsaye."

"Kwamhuta ba ta san tsoho ba," ya ce.

Ya saki katun ɗin. Mai tallan furar ta yi tsalle ta faɗa jirgi, tsohon yana dogare da sandarsa. Aji ya ɗauki tsaki. Ya sake tambayar mutum uku, dukansu tsoho suka ce.

Alhaji Ma'azu ya miƙe, ya rufe kwamfutar.

"Ranka shi daɗe, mako guda nika roƙo. Gemun kawai za ni gogewa."

"Ba su gane ba, Malam. Ni ma aiko ni anka yi."

Bunyaminu ya raka shi mashigar jirgi a bakin kogi, yana roƙo har bakinsa ya bushe. Ranar kasuwar Illo ce, layi ya yi tsawo, su ne na ƙarshe. Mutane na ganin furfurar Alhaji suka dare, suka ba shi hanya. Wata mata da ta riga ta zauna a jirgi ta sauko da kayanta.

"Shigo, baba."

Alhaji Ma'azu ya shiga, ya ɗora kwamfutar a cinyarsa. Bai waiwayo ba.