Fodin Namadi Direba

Ni ba na son a kira ni aikin da aka riga aka yanke wa hukunci, amma haka Abdulhamidu ya yi mini, shekara guda bayan samun mulkin kai. Akawun En'e ne a nan Tambuwal, mutum mai karin guga a wando da alƙalami biyu a aljihu. Ya same ni a rumfata ta bakin tasha, ina kwance ƙarƙashin wata babbar mota.

Ya ce, "Armaya'u, akwai wata mushen mota gidanmu, can Kebbe. Abin da nika so, ka tafi ka duba ta, ka ce ma tsoho ta mutu."

Na leƙo na ce, "In ka san ta mutu, mi za ni yi can? Ni makanike na, ba liman ba."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ba ni labari. Mahaifinsa Namadi ya daɗe yana tuƙa wani Bature mai allurar shanu, da Baturen zai koma gida bayan yaƙi sai ya bar masa motar. Shekara tara ke nan idon tsoho ya rufe, motar kuma tana nan inda ya ajiye ta. Kwanan baya an kashe kububuwa a ƙarƙashinta, taku biyu daga inda yake shimfiɗa buzunsa. Shi ya sa Abdulhamidu ya yi wa Maccido maƙeri alkawarinta, ya zo ran kasuwa ya sassare ta ya yi fartanya. Tsoho ya ce ya yarda, amma sai makanike ya faɗa da bakinsa cewa ba za ta ƙara tashi ba.

Na ji haushin Abdulhamidu, na kuma gane tsoro ne ya sa shi. Saura kwana shida kasuwa. Na ɗaure sifanu da batir da garwar fetur, muka bi motar gyaɗa ta sauke mu inda hanya ta ƙare mata, sauran tafiyar jakai suka ƙarasa da kayan.

Motar tana gindin wata bishiyar bedi a ƙofar gida, an lulluɓe ta da zana. Namadi na zaune jingine da ita, dogon tsoho ramamme. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Direba, an wuni lafiya?" shi kuma ya ɗaga hannu kamar mai gaisuwa ta taga. Nan na fahimci ba mota kaɗai za a sare ba ran kasuwa.

Na yaye zanar. Babu tambari a gaba, yara sun ɓalle shi tun tuni, takardunta kuma gara ta cinye. Na tambayi tsoho wace iri ce, don in san ta inda zan kama. Ya ce shi dai Bature "tsohuwa" yake ce mata, shi ma haka ya ci gaba da kira. Na zagaya ta sau biyu ina neman bakin tankin mai a baya, babu. Can na gan shi a gaba, dab da gilashi, inda mai hankali ba zai nema ba. Na leƙa ciki, ga ƙananan sanduna biyu a wuyan sitiyari, ɗaya dama ɗaya hagu, ga ɗan famfon mai a wajen gwiwar direba. Murna ta kama ni. Maigidana da ya koya mini aiki a Sakkwato ya sha ba ni labarin irinta, ban taɓa ɗora mata hannu ba sai ranar.

Na ce, "Baba, wagga ai Fodi ta, ta dauri. Ta kai shekara talatin. Sandar hagu ita ka gyara wuta, ko ba haka ba?"

Tsoho ya miƙe zaune. "Wa yag gaya maka? Abdulhamidu, ashe makanike kak kawo, ba mahauci ba!"

Murnata ba ta daɗe ba. Na zura ƙarfen tayarwa a gaba na taka da dukan nauyina, ko motsi. Na kwance fulogi, na kwance kan inji, sai na tsaya ina kallo. Na yi zaton tsatsa, ban ga ko ɗigo ba. Wani abu na gani ja-ja mai danƙo, ya cika ko'ina ya daskare kamar ƙaro a jikin itace. Na lakato na shinshina. Wallahi na san warin nan, amma ba a gareji na san shi ba.

Da na shiga cikin gida wanke hannu, Inna Tambaya, matar tsohon, ta miƙo mini buta. Ta dubi yatsuna, ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Ɗana, ni ta. Ni nik kashe ta."

Ashe tun tana amarya take jin mijinta yana cewa mota ba ta son ƙishin mai. Da idonsa ya tafi, ta ga ba mai kula da ita. Ita kuwa sana'arta ƙuli-ƙuli. Duk ranar da ta matse mai, sai ta faki ido ta ɗebi ludayi guda, na farko mai kyau, ta zuba ta inda ta ga yana zuba nasa, ta juya ƙarfen gaba sau uku yadda yake yi. Haka take shafe turminta da akushinta kada su tsage, to me zai hana mota? Shekara shida tana yi. Ranar da ƙarfen ya ƙi juyawa ta bari, ba ta kuma gaya wa kowa ba, shekara uku tana kwana da abin a ranta.

Na buɗe baki zan yi faɗa, don ni bakina ba ya da birki in an ɓata inji. Sai na ga idonta, na haɗiye. Kuma da na yi tunani, gaskiya na gaya mata.

"Inna, damina tara tay yi waje. Ba don man nan naki ba, da tsatsa ta cinye cikinta, da yanzu Maccido na nika kira da kaina. Kin toshe ta, amma ba ki kashe ta ba."

Ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gefen zane.

Kwana huɗu na yi ina fama. Na saye kananzir ɗin Kebbe kaf, har masu fitila suka fara zagina. Na jiƙa, na kankare, na tafasa ƙananan ƙarafa a tukunyar da Inna ta ba ni aro, na bi bawul ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya koma hawa da sauka. Tsoho bai tambaye ni abin da na samu a ciki ba, ni ma ban faɗa ba. Yana dai zaune, in na ajiye sifana ya lalubo ya miƙo mini wadda ta dace kafin in nema. Abdulhamidu kuwa yana tsaye nesa, hannu a baya, yana duban agogo.

Ran kasuwa da hantsi Maccido ya iso da guduma da kurfin yankan ƙarfe a kafaɗa. Na riga na ɗaura kome, na zuba baƙin mai sabo, na haɗa batir. Na juya ƙarfen har kafaɗata ta mutu, tari ɗaya ta yi ta yi shiru. Mutanen da suka taru suka fara murmushi, raina ya ɓaci.

Na ce, "Maccido, aje gudumar nan. Damtsen da kaz zo sara da shi, zo ka juya muna da shi."

Ya yi dariya ya tuɓe riga. Muka kama tsoho muka zaunar da shi a kujerar direba. Bai jira na nuna masa kome ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye ya buɗe famfon mai, ya tura sandar hagu sama, ya ɗan ja ta dama.

Ya ce, "Yanzu."

Maccido ya fizga sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta yi wata irin atishawa, kaji suka watse, sai ta kama. Duk jikinta na kaɗawa, hayaƙi ya turnuƙe gindin bedi, unguwa ta ɗauki ƙamshin suya kamar ana toya ƙosai. Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga. Na ga tsoho ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya juya fuska wajen ƙofar gida inda Inna take laɓe.

Ya ce, "Tambaya, Allah shi yi miki albarka."

Sannan ya karkata kai, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe, fuskarsa ta canja.

"Armaya'u, ta ukku ba ta cin wuta."

Ni da nake da ido biyu ban ji ba. Na bi fulogi ɗaya-ɗaya ina kashe wutarsa da sukuddireba, kowanne sai ƙarar injin ta canja, na zo kan na uku, babu bambanci. Na kwance, na goge, na mayar. Muryar motar ta daidaita nan take, ta koma bugawa a hankali tana numfashi sosai. Na ji kunya, na kuma ji daɗin da ban san irinsa ba.

Abdulhamidu ya matso har jikin ƙofar motar. Ya daɗe yana kallon hannun mahaifinsa a kan sitiyari, kamar yau ya fara ganinsa. Maccido ya ɗauki gudumarsa ya tambaye shi ko ya jira. Abdulhamidu bai ko waiwaya ba. Ya durƙusa da wandonsa mai guga a cikin baƙin mai da ƙasa, ya shafa tayar gaba wadda ta ruɓe har zare ya fito, ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Armaya'u, irin wagga taya, ana samun huɗu Sakkwato?"