Odar Motar Baba Mai Agogo

"Wayar nan nake so ka cire," in ji Goggo. "Wadda in ya danna motar take ihu."

Ina kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar mota lokacin, ƙafafunta kawai nake hange cikin silifas na roba. Na janyo jiki na fito ina goge hannu da tsumma. Goggo matar maƙwabcina ce, Baba Mai Agogo, ƙofar gidansu tana kallon ƙofar garejina. Tun da na buɗe wurin ban taɓa ganin ta tako ciki ba, ta ce warin baƙin mai yana sa mata ciwon kai.

"Oda kike nufi, Goggo?"

"Ko ma mene ne sunanta. Ka cire, kuma kada ka gaya masa. Gobe zan shiga motarsa."

Na tsaya ina kallonta, sifana a hannu. Duk wanda ya san layinmu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Baba Mai Agogo dai ban taɓa ganin mai sanyin hali irinsa ba. Ɗan shagonsa yana jikin gidan, benci ɗaya da tebur ɗaya, da agogan bango kowanne yana faɗin nasa lokacin. A nan yake wuni da ɗan gilashi maƙale a ido, yana tsintar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Yara su buga ƙwallo ta faɗa kan teburinsa, ya ɗauko ya miƙa musu har da tambayar wa ke cin wasan. Mutum ya zo ya zazzaga masa rashin mutunci a kan agogon da shi da kansa ya jefa a ruwa, Baba ya ba shi haƙuri ya raka shi bakin ƙofa.

Amma bari ya zauna a bayan sitiyari. Sai ka rantse a bakin ƙofar motar aka musanya shi. Wuya ya miƙe, ido ya kaɗa, hannu ya sauka a kan oda tun kafin taya ta juya. Masu babur, masu tasi, masu tura baro, babu wanda bai sha zagi a bakinsa ba, kuma irin zagin da ni bakanike nake jin kunyar maimaitawa. In aka ji odarsa daga bakin layi, uwaye janye 'ya'yansu suke yi, mai shayi ya ɗaga hannu ya ce, "A sauka lafiya, Baba." Na canza wa motar nan oda fiye da yadda na canza mata taya. Tsakiyar sitiyarin har ya lotsa, ya yi sulɓi daidai tafin hannunsa.

Ba shi kaɗai ba ne, don ni sana'ata ta nuna mini irinsu da yawa. Mutum zai shigo gareji a fusace, yana huci kamar zai ci babu, da ya fito ya rufe ƙofar mota sai ya miƙo maka hannu yana tambayar iyali. Na taɓa tambayar Baba abin da yake kawo haka.

"Ɗana," ya ce, "a shago fuskar mutum nake gani. A titi bayan mota kawai nake gani. Bayan mota ba ya jin kunyata, ni ma ba na jin kunyarsa. Ga shi duk abin da na haɗiye tun safe yana nan a maƙoshi, sai na rufe gilashi yake samun hanya."

Goggo ba ta yarda da wannan bayani ba. Ita a wajenta mugun hali ne kawai da ya samu maɓoya, kuma tana da hujjarta. Tun 'yarsu tana jaririya, wata rana suna tafe su uku, wata sabuwar mota ta sha gabansu a shataletale har sai da Baba ya taka birki da ƙarfi. Ya bi motar nan a guje, ya tare ta, ya leƙo kai ya fara surfa zagi, bai bar uwa ba bai bar uba ba. Mai motar ya sauke gilashi a hankali. Mahaifin Goggo ne, ranar ya ɗauko motar daga wurin saye.

Tsohon ya yafe, har ya bar duniya yana tsokanar surukinsa da maganar. Goggo kuwa a wurin ta buɗe ƙofa, ta saɓa jaririyarta, ta taka da ƙafa har gida. Daga ranar ba ta ƙara shiga motar da mijinta ke tuƙawa ba. Ba gaba suke yi ba, zamansu lafiya lau, suna raha suna cin abinci a kwano ɗaya. In tafiya ta kama, shi ya shiga motarsa, ita ta tari tasi, su haɗu a can. Jaririyar nan yanzu 'ya'yanta sun isa makaranta.

Bana ciwon zuciya ya kwantar da Baba. Ƙafafu suka kumbura, shago ya koma a rufe, agogan bango suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce abin da zai fi saurin kayar da shi shi ne ɓacin rai. Baba ya san inda aka dosa, bai kuma ɓoye wa kowa ba. Abu ɗaya ya roƙa. 'Yarsu ta koma sabon gida a can ƙarshen gari, yana so ya kai Goggo ta gani, shi da hannunsa, tana zaune a gefensa.

"Na ce masa to," in ji Goggo. "Me zan ce? Amma kai za ka zauna a baya. In na ga ya fara, ka karɓi tuƙin ko da kokawa. Ba zan yarda wani ɗan tasi ya kashe mini miji ba."

Da yamma na ce zan duba ruwan batir, na buɗe gaban motar, na zare wayar odar na naɗe bakinta. Raina bai so ba, ji na yi kamar na saci wani abu a aljihun tsoho.

Washegari da hantsi Baba ya fito cikin fararen kaya, sun yi masa yawa saboda rama. Na riƙe shi ya zauna, na gyara masa kujera. Tela da mai kanti da mai shayi duk sun fito, kowa yana yi kamar wani abu daban ya fito da shi. Goggo ta daɗe tsaye a bakin ƙofar motar, jaka a hammata.

"Uwar ɗakina," in ji Baba, "kujerar mai zaman banza tana jiranki. Babu wanda ya ɗumama ta kamar ke."

"Malam, ka ja bakinka tun kafin in fasa."

Ta shiga, ta ja ƙofa. Mai shayi ya juya baya yana goge ido da gefen riga, wai hayaƙi ne.

Muka hau titi. Ni ban kalli hanya ba, jijiyar wuyan Baba nake kallo. Wani mai babur ya gifta ta gabanmu ba ko waiwaye. Hannun Baba ya tashi daga sitiyari, ya tsaya a sama, ya koma inda yake. A danja wani na bayanmu ya dame mu da oda tun kafin wuta ta ba da hannu. Baba ya motsa baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya shirye ka." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wallahi na taɓa ganin mutum ya ɗaga injin mota bai sha wuya haka ba.

Goggo ta ƙanƙame jakarta.

Muna shiga babban shataletale sai ga wata tifa cike da yashi ta matso ta ɓangaren Baba. Ta matso, ta ƙara matsowa, har inuwarta ta rufe mu, ƙatuwar tayarta tana juyawa dab da ƙofarsa. Madubin gefe ya yi ƙara ya lanƙwashe. Na yunƙura zan kama sitiyari, sai aka riga ni.

Goggo ce ta zabura ta miƙa jiki ta kan mijinta, ta dunƙule hannu ta naushi oda. Shiru. Ta ƙara nausa. Shiru. Ba ta tsaya ba, ta leƙa ta tagarsa, mayafi ya zame.

"Kai, makaho ne kai? Ba ka ga mutum a ciki ba? Da ganinka a bayan jaki ka koyi tuƙi! Wanda ya ba ka mota ya cuci jama'a, mara mutunci kawai!"

Tifa ta wuce abinta, direban ko jin ta bai yi ba. Goggo ta juyo kaina tana haki, ido jawur.

"Kai kuma wane irin bakanike ne, mota ba oda?"

"Goggo," na ce, "ai ke ce..."

Sai ta tuna. Ta kama baki da hannu, ta koma kujerarta a hankali.

Baba ya gangara gefen titi ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya. Kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka ciwon ne ya taso. Ashe dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, har da hawaye.

"Ki yi haƙuri, uwar ɗakina," ya ce da ya samu numfashi. "Likita ya hana ɓacin rai."

"Kada ka yi mini dariya, Malam."

"Bayan jaki. Ni duk shekarun nan ban taɓa tuno wannan ba." Ya waiwayo ya dube ni. "Odar kuwa tun da safe na san ta mutu. Kafin kowa ya fito na lallaɓo na ɗan taɓa ta, mu gaisa."

Goggo ta gyara mayafinta. Ta daɗe tana kallon madubin da ya lanƙwashe.

"Gani na yi za ta taka ka," ta ce a hankali. "Ban san lokacin da na tashi ba."

Baba ya daina dariya. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari yana kallon gaba.

"To ni ma ranar nan haka ne. Da na taka birki na ji kan yarinya ya bugu, na ji kin yi ƙara. Daga nan ban ƙara ganin komai ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wanda ya zagi surukinsa a tsakiyar titi, da wane baki zai yi bayani?"

Ni dai na mai da kaina kujera, na ƙura wa tagar ido. Da Goggo ta sake magana, muryarta ta dawo daidai.

"Tayar da motar, yarinya tana jira."

'Yar tana tsaye a ƙofar gida da muka isa. Da ta ga uwarta ta fito daga gaban motar ubanta, sai ta zauna a dakali tana dariya tana kuka. Muka wuni a can, Baba ya zagaya ɗakuna yana dafa bango, ya gyara musu agogon falo da yake gudu. Da za mu dawo shi da kansa ya miƙo mini makulli, ya ce ya gama tuƙi. Suka zauna a baya su biyu. Kafin mu kai shataletale barci ya ɗauke shi, na hango a madubi Goggo tana riƙe da bakin hannun rigarsa.

Bai ƙara fita ba, amma makonnin da suka biyo baya ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi haka ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin tifa, kullum kuma zagin Goggo ƙaruwa yake yi a bakinsa. Ita kuma ta leƙo daga ɗakin girki ta ce ƙarya yake yi mata.

Wata safiya yana zaune a kujerarsa a tsakar gida, rana ta fara taɓa ƙafafunsa, ya ce ta kawo masa shayi. Ta dawo da kofi ta tarar ya jingina kai, agogon hannunsa a tafinsa, ya gama murɗa shi don kada ya tsaya. Ta kira shi bai amsa ba. Ni ta fara aikowa a kira. Na yi kuka sosai ranar, ban kuma ji kunyar kowa ba, don na yi rashin maƙwabci na gari. Allah ya jiƙansa.

Bayan an watse daga zaman makoki, baƙi sun koma gidajensu, aka ce 'yar ce za ta ɗauki motar. Goggo ta sake takowa garejina.

"Ka mayar da wayar nan," ta ce. "Ba a ba yarinya mota bebiya."

Na tsallaka da kayan aiki, na miƙar da madubin, na buɗe gaban motar na haɗa wayar. Na ce sai wani ya danna in ji ko ta kama. Na ɗauka tela za ta kira, sai na ga ta buɗe ƙofar direba ta zauna. Kujerar tana nan yadda na gyara masa, ƙafarta ba ta kai ƙasa sosai ba.

Ta danna sau ɗaya, a hankali. Odar ta amsa.

Wata mata da ke wucewa ta janye ɗanta gefe ba tare da ta waiwaya ba. A bakin layi mai shayi ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, sannan ya sauke hannun ya ci gaba da firfita wutarsa. Na rufe gaban motar na tattara kayana. Goggo ba ta fito ba. Tana zaune tana kallon titi ta gilashi, tafin hannunta a cikin lotsawar nan ta tsakiyar sitiyari.