Bel ɗin Dogo

Mai walda yana tsaye a bakin ƙofa da buhun siminti a hannu lokacin da ya ji Auta yana faɗa wa masu gaisuwa cewa bel ɗin ne ya tsinke.

A cikin buhun akwai kayan aikin Dogo: hular kwano, da guduma, da bel ɗin kariya daga faɗuwa da ake magana a kai. Babu inda ya tsinke.

Dogo kafinta ne. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na mai walda, kuma a gini ɗaya suke aiki. Ya faɗo daga hawa na huɗu, ya yi kwanaki a asibiti bai san wanda ke kansa ba, jiya da safe ya cika. Auta ƙanin matarsa ne, birkila, magidanci da gemunsa, shi ma a ginin yake.

Dokar wurin a fili take: duk wanda ya hau sama ya saka bel, ya maƙala ƙugiyarsa a jikin ƙarfe. Sai dai mai aiki a sama ba ya tsayawa wuri ɗaya. Taku kaɗan sai ya cire ƙugiya, ya sake maƙalawa, aiki ba ya sauri. Don haka ma'aikata suka samo dabara. A saka bel tsaf, a maƙala ƙugiyar a zoben da ke ƙirjin bel ɗin. Foman idan ya ɗaga kai daga ƙasa, bel yake gani, ba ya ganin inda ƙugiya take. Kowa yana yi. Dogo har suna ya sa wa abin, ɗaurin ganin ido. Ranar da katako ya zame masa, a haka yake.

Auta ya ci gaba da magana. Ya ce shi kam ya daina wahalar da kansa da wannan kaya mai sa zufa, tunda wanda ya fi kowa ɗaurawa ga shi an kai shi.

Mai walda ya wuce ciki. Ya tarar da matar Dogo zaune a kan tabarma kusa da randa, takalmin aikin mijin yana nan a bayan ƙofa da busasshen siminti a jiki. Kullum da safe, ta bangon nan, yakan ji tana tambayar Dogo ko ya ɗauki igiyarsa, wato bel ɗin. Dogo yakan ce igiyar aure ma ta ishe shi, ta ce ita wannan ba ta tare mutum a iska.

Ya yi mata gaisuwa, ya ajiye buhun. A hanya ya yi niyyar cire ƙugiyar daga zoben kafin ya shigo. Hannunsa har ya shiga buhun, ya fasa.

Ta jawo bel ɗin, ta bi shi da yatsu tun daga kafaɗa har ƙugu, kamar mai duba ɗinki. Ta ja nan, ta ja can.

"Maƙwabci, ina wurin da ya tsinke?"

"Bai tsinke ba."

Ta kama ƙugiyar, ta ga inda take. Ta tambaya ko masu asibiti ne suka maƙala ta haka. Ya ce a'a. Ya yi mata bayanin dabarar a taƙaice, bai ƙara ba, bai rage ba. Ta tambaya ko Auta ma haka yake yi. Mai walda ya kalli ƙasa.

Ta aika aka kira Auta. Ya shigo yana goge fuska da hula.

"Yaya, ga ni."

"Zo ka nuna min inda ya tsinke."

Auta ya juya bel ɗin gaba da baya. Da ya kai kan ƙugiyar, sai ya tsaya.

"Shi maigidan ya yi min ƙarya kullum da safe, ya tafi," in ji ta. "Kai kada ka sake faɗa wa mutane bel ne. Akwai masu hawa gobe a cikinsu."

Ta yi ƙoƙarin cire ƙugiyar, ta kasa. Mai walda ya durƙusa ya nuna mata inda ake dannawa.

Washegari da mai walda zai fita aiki, ya ga ta wanke bel ɗin. Da ƙugiyar ta rataye shi a wayar shanya, yana ɗigar ruwa, iska tana kaɗa shi. Auta yana zaune a kan bulo a ƙarƙashinsa, da hular kwano a cinya, yana jira ya bushe.