Wadda Ta Rage a Kwalba

Daga maƙabarta Shekari ya wuce asibiti kai tsaye, ko takalmi bai canza ba. Tagwaye matarsa Becky ta haifa, bakwaini, mace da namiji. Namijin bai kwana ba. Shi da Fasto da ƙaninsa suka binne shi da safe, cikin ɗan akwatin da kafintan layinsu a Makera ya haɗa.

Macen tana kwalba, da roba a hanci. Likitar jarirai, wata doguwar mace mai tabarau, ta ja shi gefe.

"Mun ɗauki hoton zuciyarta. Akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciya da jariri ke amfani da ita tun yana ciki. In an haife shi takan rufe da kanta. Tata ba ta rufe ba, saboda ta zo da wuri. Jini yana yi wa huhunta yawa, shi ya sa numfashi ke mata wuya."

"To," in ji Shekari.

"Yawancinsu jira kawai muke yi, mu kula da ruwan da muke ba su. Amma tata da faɗi. Za mu gwada parasitamol. In bai yi ba akwai wani magani. Aikin tiyata sai in komai ya ƙi."

"Parasitamol na ciwon kai?"

"Shi dai."

Ta tsaya ko zai ƙara tambaya. Ya yi mata godiya, ya wuce.

Ya tarar da Becky a ɗakin masu jego, zaune bakin gado, tana tatsar nono a kofi.

"Baban Faith, kun gama?"

"Mun gama."

"Ina kuka sa shi?"

"Gefen katanga. Akwai inuwa."

Ya maimaita mata bayanin likita yadda ya iya. Ba ta ɗago ba.

"Nonon na mutum biyu ne yake zuwa," ta ce.

Kwanakin da suka biyo baya kusan iri ɗaya ne. Ya kai babbar 'yarsu Faith makaranta, ya buɗe shagonsa na walda, ya ƙona ƙarfe har azahar, ya hau keke zuwa asibiti. Matan zumunta na cocinsu suka riƙa zuwa da kunun gyaɗa. Wasu su ce barka, wasu su ce sai haƙuri. Amsa ɗaya yake ba su duka. Yana cin abinci, yana barci, abin har ya ɗan ba shi kunya.

Da aka sake hoton, likitar ta ce jijiyar ba ta gama rufewa ba, amma ta tsuke sosai. Babu maganar aiki. Sauran za su bar wa jikinta, su riƙa dubawa.

Becky na barci lokacin. Sista Mary, nas ɗin ɗakin jarirai, ta sa shi ya wanke hannu, ya ɓalle rigarsa, ta ɗora masa yarinyar a ƙirji ta rufe su da zane. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Zuciyarta na bugawa da sauri a kan fatarsa. Ya jira ya ji wani abu, murna ko kuka. Ɗumi kawai ya ji, da tsoron kada ya motsa.

Ya zauna haka har ƙafarsa ta yi sanyi. Da Sista ta zo karɓarta, sai ya ce:

"Gobe ma za a bari?"

"In ta kwana lafiya."

Ya mayar da maɓallansa, ya tafi ɗauko Faith.