Bulon Baba

Ranar da za mu tashi daga tsohon gida, na sa magini ya ciro mini bulo ɗaya daga katangar baya. Yaya ya riƙe baki.

“Ke dai ba ki da aikin yi! Mun bar kujeru, sai ƙazantar bango za ki ɗauka?”

Shi da yake leƙo mu daga wata sai wata, me ya sani? Mahaifinmu, tsohon malamin kimiyya, ya manta sunayenmu kaf, ya manta hanyar banɗaki. Abu ɗaya ya rage masa: gansakukar da ke jikin katangar nan, a inuwar mangwaro. Kullum da safe yakan yayyafa mata ruwa, ya duba ta da gilashin ƙara girma, ya yi ta bayani. In ya rasa ta, wallahi ban san abin da zai tashe shi daga gado ba.

Sabon gidan bene ne, barandar da na ajiye bulon tana kallon rana, ga iska. Kafin mu gama jera kaya gansakukar ta bushe, ta nannaɗe, ta koma kamar ƙanzon tukunya. Baba ya kalle ta sau ɗaya, ya juya fuskarsa ga bango. Ya daina magana. Abinci ma sai na yi da gaske.

Haushi ya kama ni, na kinkimi bulon zan kai shara. A matattakala na tuna muryar Baba tun ina ƙarama: gansakuka ba ta da saiwa, ’yan zaruruwa ne kawai take riƙe bango da su, da dukan jikinta take shan ruwa. Rana ce abokiyar gabarta, ba ƙishi ba. Na dawo da bulon, na ajiye a lungun bayan kicin, inda rana ba ta leƙawa, na tari ruwan sama a roba.

Da safe na jawo Baba da lallashi, na danƙa masa kofi. Ya yayyafa. Muka tsuguna. Ikon Allah! Muna kallo ’yan ganyayyakin suka fara warwarewa, launin ƙasa ya soma komawa kore. Ban san lokacin da na yi ihu ba.

Baba ya laluba aljihu, ya fito da gilashinsa.

“Yarinya, matso ki gani,” in ji shi, da muryar aji. “Ba ta mutu ba, jira take yi. Kin ga waɗannan siraran sandunan masu kai? Ba ta fure, ba ta ’ya’ya. A nan take ajiye wani gari mai laushi, iska ta kwashe, inda ya sami laima da inuwa ya tsiro.”

“Na gani, Baba.”

Ya dube ni da kyau, ya yi murmushi irin na baƙunta.

“Kina da hankali. Ina da ’ya, ita ma tana son irin waɗannan abubuwa. Ta daɗe ba ta zo ba. Ki bar bulon a nan, in ta zo zan nuna mata.”

Na karɓi kofin na ƙaro ruwa.

“Za ta zo, Baba,” na ce. “Gobe da safe.”